Taura Biyu a Baki Ɗaya: Digirin Harkar Nishaɗi Haɗe da na Lauya

Sharhinmu na yau zai faro ne daga ƙasar Ostireliya, a cikin wani shirin kacici-kacici na talabijin.

A shekarar 2007, a shirin Spicks and Specks na tashar ABC ta ƙasar, aka jefa wa baƙi tambaya: wace waƙar yara ce ake jin guntun karinta a cikin waƙar Down Under? Tambayar raha ce, aka yi dariya aka wuce. To amma Down Under ba ƙaramar waƙa ba ce. Ƙungiyar mawaƙa ta Men at Work ce ta saka ta a kundinta na 1981, ta yi tashe har ta zama ta ɗaya a Amurka da Ingila, mutanen Ostireliya kuma suka riƙe ta tamkar taken ƙasa na biyu. Ita kuwa waƙar yaran, mai suna Kookaburra, wata malamar makaranta ce, Marion Sinclair, ta tsara ta a farkon shekarun 1930, 'yan mata 'yan sikawut suka yi ta rera ta. Malamar ta rasu a 1988, sai a 1990 kamfanin Larrikin Music ya sayi haƙƙin waƙar a kan dalar Ostireliya 6,100 kacal. Da labarin wannan tambaya ya isa kunnen kamfanin, sai ya garzaya kotu.

A watan Fabrairun 2010, Mai Shari'a Peter Jacobson na Kotun Tarayya ya yanke hukuncin cewa ɗan busar sarewar nan da Greg Ham, ɗan ƙungiyar Men at Work, ya yi a cikin Down Under daga Kookaburra aka ɗauko shi. Larrikin ya nemi a ba shi har kashi 60 cikin 100 na kuɗin da waƙar ke samarwa, kotu ta ba shi kashi 5, a ƙirga tun daga 2002. Masu Down Under suka ɗaukaka ƙara, suka sake shan kaye a 2011. Busar da ba ta wuce 'yan daƙiƙu ba ta ci shekaru a gaban alƙalai, ta cinye maƙudan kuɗin lauyoyi, ta kuma ɓata wa mutanen da suka yi waƙar rai da suna.

Abin lura shi ne, a sutudiyo akwai masu kunnen kiɗa, a ofishin kamfani kuma akwai masu ilimin doka, sai dai ba a ɗaki ɗaya suke zama ba. Da a ce tun 1981 an samu mutum guda da zai ji busar ya gane asalinta, ya kuma san cewa mai waƙar tana raye da haƙƙinta a hannu, da wasiƙa ɗaya da ɗan abin hasafi sun kashe maganar. Irin wannan mutum ne wasu jami'o'in ƙasar suke ƙoƙarin ƙerawa.

Fitacciya a cikinsu ita ce Jami'ar Fasaha ta Queensland, wadda aka fi sani da QUT, a birnin Brisbane. A 2001 ta buɗe tsangayar masana'antun ƙirƙira, wadda ake ɗauka a matsayin irinta ta farko a duniya, daga baya kuma ta fito da kwas na musamman a kan masana'antun nishaɗi, ta ba ɗalibi damar haɗa shi da digirin lauya. Sunan kwas ɗin a takardun jami'ar yakan sauya daga lokaci zuwa lokaci, amma lissafin bai sauya ba. Digirin sadarwa ko na ƙirƙira shekara uku ne, na lauya shekara huɗu. Wanda ya yi su ɗaya bayan ɗaya zai kwashe shekara bakwai. Wanda ya haɗa su kuwa, shekara biyar da rabi ya gama, ya fito da takardun shaida guda biyu. Ba wani siddabaru a ciki. Kowane digiri yana da darussan dole, yana kuma da gurbin darussan zaɓi da ɗalibi kan cike da abin da ya ga dama. A tsarin haɗakar, darussan dole na wannan digiri su ne suke cike gurbin zaɓi na wancan. Ɗalibi kan yi darasin nishaɗi a harabar Kelvin Grove, ya hau motar jami'a zuwa Gardens Point da ke bakin kogi domin darasin doka.

Haɗa lauya da wani fanni ba baƙon abu ba ne a can. A Jami'ar Sydney da Jami'ar New South Wales, wanda ya fito daga sakandare ba ya karanta lauya ita kaɗai, dole ya haɗa ta da wani digirin, kasuwanci ne ko kimiyya ko adabi. Sabon abin shi ne a ɗauki harkar fim da waƙa da wasanni a ajiye ta kafaɗa da kafaɗa da waɗannan fannoni masu daraja.

Kada mai sauraro ya zaci ana koya wa yaran rawa da waƙa ne da safe, da yamma su sa baƙar riga. Ɓangaren nishaɗin bai shafi fitowa a gaban kyamara ba. Aikin furodusa ake koyarwa: yadda ake gane labarin da zai karɓu, yadda ake nazarin 'yan kallo, tsara kasafin kuɗi, neman masu zuba jari, shirya babban taron waƙa, tallata shiri da sayar da shi. Ɓangaren doka kuma cikakke ne, ba a rage masa komai ba. Duk wanda zai zama lauya a Ostireliya sai ya ci fannoni goma sha ɗaya na dole, waɗanda ake kira da sunan alƙalin da ya shugabanci kwamitin da ya tsara su a 1992, wato Priestley. A ciki akwai dokar kwantiragi, da ta laifuka, da ta kamfanoni, da ta kadarori, da ta shaida, da tsarin mulki, da ladubban aikin lauya. Bayan digiri sai horon aiki na wasu watanni, sannan Kotun Ƙoli ta jiha ta rantsar da mutum.

Ga wani abin mamaki. Dokar haƙƙin mallakar fasaha ba ta cikin waɗannan goma sha ɗaya. Darasin zaɓi ce. Ma'ana, mutum zai iya zama cikakken lauya bai taɓa zama ajin da aka yi bayanin wane ne mai waƙa ba. A ganin mai wannan sharhi, nan ne hujjar digirin haɗakar ta fi ƙarfi, domin ɗalibin da ya yi shekara biyu yana koyon yadda ake haɗa fim, shi da kansa zai nemi ajin haƙƙin mallaka, da na dokar yaɗa labarai, da na ɓata suna, kuma zai shiga da tambayoyin da ya ɗauko daga wajen aiki.

Aikin kansa kuma takarda ce a kan takarda. Kafin babban kamfanin rarraba fina-finai ya sayi fim, sai an nuna masa salsalar mallaka tun daga tushe: wanda ya rubuta labarin ya miƙa shi a rubuce, kowane jarumi ya sa hannu a kan an yarda a yi amfani da fuskarsa da muryarsa, kowace waƙa da ta fito ko da a rediyon motar haya ce a bayan fage an biya masu ita, mai gidan da aka ɗauki fim a ciki ya amince. Sannan kamfanin inshora ya duba duk wannan kafin ya tsaya wa fim ɗin idan wani ya kai ƙara. Takarda ɗaya ta ɓace, ciniki ya tsaya. Ga kuma batun haraji. Gwamnatin Ostireliya tana mayar wa mai fim ɗin sinima na gida kashi 40 cikin 100 na kuɗin da ya kashe a ƙasar bisa sharuɗɗa, tana kuma mayar wa manyan fina-finan waje kashi 30. Wannan rangwame na cikin abin da ke jan kamfanonin Amurka zuwa sutudiyon Village Roadshow da ke Gold Coast, kudu da Brisbane, inda aka ɗauki Aquaman da Thor: Ragnarok da Elvis. Kowane ɗayansu sai da lauyoyi suka yi aiki a kansa kafin a kunna kyamara.

Darasin da ya fi kowane daɗin bayarwa a ajin Brisbane kuwa, a cikin garin ya faru. Shirin katun na yara mai suna Bluey, wanda Joe Brumm ya ƙirƙira, kamfanin Ludo Studio na Brisbane ne yake haɗa shi, ya fara fita a 2018. Tashoshi biyu suka haɗa kuɗi, ABC ta Ostireliya da BBC Studios ta Ingila. A yarjejeniyar, ABC ta ɗauki haƙƙin nunawa a cikin gida, BBC Studios ta ɗauki na sayarwa a duniya da na kayan wasa da tufafi da sauran tarkacen da ake bugawa da hoton shirin. A lokacin babu wanda ya ga abin damuwa. A 2024, bisa ƙididdigar kamfanin Nielsen, Bluey ne shirin da aka fi kallo ta intanet a duk faɗin Amurka. Fasaha ta Brisbane ce, muryoyi na Ostireliya, amma kaso mai tsoka na ribar kayan wasan Landan yake tafiya, kuma har yau 'yan jaridar ƙasar suna tayar da maganar. Ba wanda ya cuci wani. Abin da aka sa wa hannu ke nan.

To sai dai Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma masu sukar tsarin suna da abin faɗa. Shekara biyar da rabi ba wasa ba ce, kuma karatun lauya mai kishi ne, ba ya son a raba masa hankali. Ga tsada. Tun sauyin kuɗin makaranta na 2021, gwamnatin ƙasar ta saka lauya da sadarwa duka a rukunin da ya fi tsada, kusan dala 14,500 a shekara ga ɗan ƙasa a wancan lokaci. Shi ɗan ƙasa bashi gwamnati ke ba shi, ya riƙa biya ta hanyar haraji idan albashinsa ya kai wani mizani. Ɗalibin da ya zo daga waje ba shi da wannan gata, kuma abin da zai biya ya fi ninki biyu. Uwa uba, guraben lauyan nishaɗi tsantsa ba su da yawa, mafi yawansu kuma a Sydney da Melbourne suke. Da yawa daga masu wannan digiri za su ƙare ne a ofishin lauyoyin kasuwanci na yau da kullum, ko a sashen kwantiragi na gidan talabijin, ko a ƙungiyar APRA AMCOS mai karɓar wa mawaƙa kuɗinsu daga gidajen rediyo da otal-otal. Wanda ya shiga da mafarkin yawo da taurari zai sha mamaki.

Akwai ma masu cewa lauya mai basira zai koyi harkar a bakin aiki, su kawo misalin Clive Davis, wanda ya karanta lauya a Harvard, ya shiga kamfanin Columbia Records a matsayin lauya, ya zama shugabansa a 1967, daga baya ya ɗauko Whitney Houston a kamfaninsa na Arista. Gaskiya ne. Amma ba a gina manhajar jami'a a kan mutum ɗaya da Allah ya yi wa baiwar kunne. Kuma harkar ta ƙara rikicewa tun zamaninsa. Yajin aikin marubutan Hollywood na kwana 148 da na 'yan wasa na kwana 118 a 2023, a kan sharuɗɗan kwantiragi aka yi su: nawa za a biya idan an kalli fim ta intanet, kuma wa ke da ikon kwaikwayon fuskar jarumi da muryarsa da ƙirƙirarriyar basira.

Mu a nahiyar Afirka mun san kuɗin jahiltar takarda. A 1939 Solomon Linda, wani Bazulu ɗan ƙwadago, ya rera Mbube a sutudiyon Gallo da ke Johannesburg, aka sallame shi da sule goma. Waƙar ta haye teku, ta rikiɗe ta zama The Lion Sleeps Tonight, ta shiga fim ɗin The Lion King na Disney a 1994. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai da lauya Owen Dean ya tono wani sashe a dokar haƙƙin mallaka ta daular Birtaniya ta 1911, wanda ya ce haƙƙi yana komawa ga magada shekara 25 bayan rasuwar mai shi, sannan aka yi sulhu da iyalinsa a 2006. Shekara 44 bayan an binne shi.

A Najeriya ma masu sana'ar sun gano amfanin haɗin tun da daɗewa, sai dai ta doguwar hanya suke bi. Richard Mofe-Damijo ya karanta wasan kwaikwayo a Jami'ar Benin, ya koma Jami'ar Legas ya karanta lauya, aka rantsar da shi a 2005. Kanayo O. Kanayo sai a 2020 ya zama lauya, bayan kusan shekara talatin a fim. Funke Akindele, wadda fim ɗinta A Tribe Called Judah ya zama na farko a Nollywood da ya haura naira biliyan ɗaya a sinima, tana da digirin lauya. Mawaƙi Falz shi ma lauya ne. A lissafa wa wanda zai bi wannan hanya: shekara huɗu a digirin farko, huɗu a lauya idan ya samu shiga daga aji biyu, ɗaya a Makarantar Horon Lauyoyi, ko a Bwari ko a Bagauda ko wani reshen. Shekara tara ke nan, ban da hidimar ƙasa, ban da yajin aikin malamai. Wanda bai bi ba kuma yakan koyi darasin a kotu, kamar Kiss Daniel da rikicinsa da kamfanin G-Worldwide a 2017 ya sa ya koma Kizz Daniel.

Masana'antar fim ta Hausa fa? Tun fim ɗin Turmin Danya a 1990, cinikinta a Ƙofar Wambai da Bata da ke Kano ya ginu ne a kan amana da sanayya. Furodusa ya san ɗan kasuwa, mawaƙi yaron gidan wane ne, a yi magana da baki a tafa. Wannan ya yi aiki gwargwado a zamanin kaset da faifai, lokacin da fim kan ci kasuwarsa a 'yan makonni ya kwanta. Yanzu da fim ya koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, tsohon aiki ba ya mutuwa, yana iya kawo kuɗi shekara goma bayan fitarsa. Nan tambayoyi suke tasowa. Waƙar da ke cikin fim ta wace ce: wanda ya rubuta, ko mai kiɗan sutudiyo, ko wadda ta hau muryar mace, ko furodusan da ya biya kuɗin zama? Wa ke da ikon ɗora ta a tasharsa? Idan shiri mai dogon zango ya karɓu, marubucin da aka sallama a zangon farko yana da sauran haƙƙi?

Doka ta amsa da yawa daga ciki. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta bar mallakar farko a hannun wanda ya ƙirƙiri aiki sai in yarjejeniya ta ce akasin haka, ta kuma ce miƙa haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Ta tanadi hanyar neman a sauke aikin da aka sata aka ɗora a intanet. Tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wanda ke nufin baitocin Alhaji Mamman Shata, da ya rasu a 1999, suna da magada masu haƙƙi har ƙarshen 2069. Mutum nawa ne a cikin masu ɗora waƙoƙinsa suka san haka? Ga kuma dokokin tace fina-finai na jiha, waɗanda a ƙarƙashinsu aka ɗaure Adam A. Zango a 2007, aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan Tama a ƙarshen 2008, kafin babbar kotu ta soke hukuncin ta ce a sake shari'a.

Kuma kada a ce rubuta yarjejeniya ɗabi'ar Turawa ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira dukiya ce da Shari'a ta kare. Lauyan da zai raba gadon mawaƙi a Katsina ko Maraɗi yana buƙatar ilimin gado, yana kuma buƙatar sanin cewa tashar YouTube ta mamacin tana cikin abin da ya bari.

Kwafo tsarin Brisbane kacokan ba zai yiwu nan kusa ba. Hukumar JAMB kwas ɗaya take ba ɗalibi, Hukumar Kula da Jami'o'i da Majalisar Ilimin Lauya kuma suna da ƙa'idojinsu da adadin ɗaliban da suka yarje wa kowace tsangaya. Amma tunanin haɗa ilimi biyu a digiri ɗaya ba baƙo ba ne a Arewa, domin Jami'ar Bayero ta daɗe tana koyar da dokar Ingilishi da Shari'ar Musulunci a digiri guda, ɗalibanta kuma suna fita su yi aiki a kotunan biyu. Tana da sashen wasan kwaikwayo, tana zaune a garin da masana'antar take. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen wasan kwaikwayo a Samaru tun shekarun 1970, da tsangayar lauya a Kongo. A Jos akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da jami'a mai tsangayar lauya a gari ɗaya.

Kiran wannan sharhi ga majalisun waɗannan jami'o'i shi ne su fara da abin da ke hannunsu. A wajabta wa ɗalibin fim da wasan kwaikwayo darasin kwantiragi da na haƙƙin mallaka, malamin tsangayar lauya ya koyar. A buɗe wa ɗalibin lauya darasin zaɓi a kan kasuwancin fim da waƙa, a gayyato furodusoshin Kano su yi masa bayanin inda kuɗi ke shiga da inda suke zurarewa. A sa asibitin shari'a na ɗalibai, wanda yake taimaka wa marasa galihu kyauta, ya ware rana ɗaya a mako domin mawaƙa da marubuta su kawo takardunsu a duba musu da Hausa. Ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN kuma ta zauna da reshen Kano na Ƙungiyar Lauyoyi su fitar da samfurin yarjejeniya mai shafi biyu, ɗaya ta jarumi, ɗaya ta mawaƙi, ɗaya ta marubuci, a raba wa kowane ofishin fim a titin Gidan Zoo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabuwar doka ko izini daga Abuja.